Raɗaɗin gaba bayan ɗaukewar al'ada: lamarin wata mata ƴar shekara 58 a Tawa

Matar ƴar kasuwa ce a Tawa, tana sayar da atamfa da turare. Shekarunta 58, haihuwarta takwas, kuma al'ada ta ɗauke mata shekara bakwai da suka wuce. Abin ya faro ne da bushewar gaba da jin zafi wajen kwanciya da maigida. Daga baya ƙaiƙayi ya shigo, ya fi tsanani da dare. Lokacin da ta zo asibitin mata da yara, raɗaɗin ya kai ba ta iya daɗewa zaune a shago, barci kuma sai ɓarawo.

"Ɗiyata, kamar an zuba mini tanka," in ji ta ga ungozoma. "In zan yi fitsari sai na dafa bango."

Da aka tambaye ta abin da ta yi amfani da shi, sai ta kwance leda. An ba ta obul, wato ƙwayar da ake matsawa a farji, har zagaye huɗu. Ta sha Flagyl, ta sha fulukonazol, an yi mata allurai. Duk an ba ta su ne da sunan maganin sanyi, wasu a farmasi, wasu a hannun masu tallar magani a kasuwa. Da abin ya ƙi, ta koma na gida: zama cikin ruwan zafi da aka dafa bagaruwa da kanwa, ɗiga Dettol a butar tsarki, wanki da sabulun salo sau huɗu ko biyar a yini, matsin miski, da turaren tsuguno. A duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya taɓa duba wurin da ido. Ita ma ba ta nemi a duba ba, don kunya, kuma a zuciyarta ta riga ta ɗora laifin a kan amaryar da aka yi mata.

Me ya sa ba a yarda sanyi ba ne

Sanyi suna ne da mata ke ba kusan kowane ciwon gaba, kuma a wurin mace mai ganin al'ada sau da yawa hasashen yakan faɗa daidai. Bayan al'ada ta ɗauke, lissafin ya canza. Sinadarin istirojin da ƙwan mace ke fitarwa shi ne ke sa fatar cikin farji da ta bakinsa ta yi kauri da laushi da danshi. Shi ne kuma ke sa fatar ta tara wani nau'in sukari da ƙwayoyin kariya na farji ke ci su mayar da shi tsami. Wannan tsamin, wanda a ma'aunin pH yake tsakanin 3.8 da 4.5, shi ke hana miyagun ƙwayoyi zama. In istirojin ya ja baya, fatar takan yi siriri, jini ya rage zuwa wurin, ruwan ya ƙafe, ƙwayoyin kariya su ragu, ma'aunin ya haura 5. Jijiyoyin jin zafi da a da ke can ƙasan fata mai kauri sai su dawo kusa da sama, har fitsari ko gumi ko gogar wando su isa su tayar da raɗaɗi. Ƙofar fitsari da mafitsara ma da istirojin suke rayuwa, shi ya sa zafin fitsari da yawan fita ke rakiyar bushewar. Tun 2014 ƙungiyoyin likitocin mata suka haɗa alamomin gaba da na fitsari ƙarƙashin suna ɗaya saboda wannan dalili.

Ƙwayar kandida, mai kawo farin ruwa mai gudaji da ƙaiƙayi, ta fi son farji mai istirojin. Don haka ba ta cika kama macen da ta daɗe da daina al'ada ba, sai in tana da ciwon sukari, ko ta sha maganin kashe ƙwayoyi da yawa, ko tana amfani da istirojin. Mace mai shekara 58 da aka ba maganin kandida sau huɗu bai yi ba, mafi kusa ga gaskiya shi ne tun farko ba kandida ba ce.

Bushewar nan kuwa ba ta tafiya da kanta. Zafin jiki da gumin dare da mata ke ji a farkon ɗaukewar al'ada sukan lafa bayan wasu shekaru, amma na gaba ƙaruwa yake yi muddin ba a yi magani ba.

Dubawar farko

An kwantar da ita a wuri mai haske sosai, aka fara da waje kafin a taɓa ciki. Wannan na da muhimmanci a baƙar fata, domin jan da littattafan likita ke kwatantawa ba ya fitowa fili. Kumburi yakan bayyana ne a matsayin duhu, ko sheƙi, ko toka-toka. Manyan leɓɓan sun kumbura, fatarsu ta yi kauri da sawun susa. Akwai ƴan tsage biyu a ƙasan bakin farji wajen da ke fuskantar dubura. Ƙananan leɓɓan sun shafe sosai. An ga fari-fari a kewayen ɗan tsaka, amma da yake ko'ina ya jiƙe ya saluɓe, ba a iya yanke hukunci a ranar ba.

An yi amfani da ƙaramin ƙarfen dubawa da aka shafa wa mai sosai, don babba zai yaga fatar. Cikin farjin ya koɗe, ya yi sumul babu ninkin da aka saba gani, da ɗigo-ɗigon jini inda ƙarfen ya taɓa. Bakin mahaifa lafiya. Takardar gwajin tsami ta nuna 6. An ɗebi ruwan farji aka kai labo, ba a ga kandida ba, ba a ga tirikomonas ba, wata ƙwayar da ita ma ke kawo ruwa da ƙaiƙayi. Sukarin jini kafin karin kumallo ya nuna gram 0.98 a lita, ƙasa da 1.26 da ake fara zargin ciwon sukari.

Gwajin fitsari na tsinke ya nuna fararen ƙwayoyin jini, kuma a nan ne ake yawan faɗawa rami. Fitsarin da ya bi ta kan fata mai kumburi yakan kwaso waɗannan ƙwayoyi ko da mafitsara lafiya take. Da a kan wannan kaɗai aka tsaya, da an sake rubuta mata maganin kashe ƙwayoyi karo na biyar. An tura fitsarin gwajin shuka da ake kira ECBU, babu abin da ya tsiro.

An kuma yi mata tambayoyin da amsarsu ke iya juya akalar aikin gaba ɗaya. Ta taɓa ganin jini bayan ɗaukewar al'ada? A'a. An taɓa samun ta da kansar nono ko ta mahaifa? A'a, kuma an duba nonon ba a ji ƙullutu ba. Fitsari na zubo mata in ta yi tari? Ɗan kaɗan, shi ya sa take kwana da ƙunzugu. Ta taɓa zama bakin tafki ko gulbi tana wanki ko aikin lambu? A'a. Wannan tambaya ta ƙarshe saboda tsargiya ce, wadda kan shiga al'aurar mata ta kawo raɗaɗi da zubar jini, kuma a garuruwan bakin kogin Kwara da na kusa da madatsun ruwa bai kamata a tsallake ta ba.

Hukuncin ranar farko shi ne abu biyu sun hau kan juna: siririyar fatar rashin istirojin a ƙasa, ƙunar magunguna da wanki a sama. Abu na uku ana zarginsa, sai wurin ya huce za a gani.

Kwana goman farko: a daina, a huce

Ba a ba ta istirojin a ranar ba. Man istirojin a kan fatar da ta saluɓe zafi yake ƙarawa, kuma macen da ta shafa sau ɗaya ta ji wuta ba za ta sake ba. Aikin farko shi ne cire duk abin da ke cin fatar, kuma an ɗauki lokaci ana yi mata bayanin kowane ɗaya, don in an ce "ki daina" kawai, ba za a daina ba.

Kanwa da sabulu suna wanke ɗan man da ya rage a fata, su ƙara kashe tsamin wurin. Bagaruwa tana tsuke fata ta busar da ita. Wannan tsukewar ce ake nema a jego, amma a fatar da ta riga ta bushe tsagewa take jawowa. Dettol da makamantansa ba a yi su don wannan wuri ba ko da an sirka. Ruwan zafi yana kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, sannan ya dawo da shi ninki. Miski da turare suna cikin abubuwan da fata ta fi ƙi. Hatta obul ɗin asibiti ba a bar su a baya ba: wasunsu na ɗauke da niyomisin, wanda sananne ne wajen tayar da borin fata in an yi ta maimaitawa.

Hajiyar ta tsaya a kan maganar sabulu. "To ɗiyata, sallata fa?" Aka ce mata, "Hajiya, da ruwa ake tsarki, sabulu ba ya cikin sharaɗi." Da wannan ta natsu.

Abin da aka ɗora ta a kai ba shi da tsada. Tsarki da ruwa zalla, mai sanyi ko ɗan ɗumi, da tafin hannu, ba soso, ba kuma cusa yatsa ciki. Zama cikin roba mai tsabta da ruwa zalla na minti 5 zuwa 10 safe da dare, sai ta dangwala da tsumma mai laushi ba gogewa ba, ta shafa farin basilin marar ƙamshi tun fatar na da ɗan danshi. Ta kuma shafa basilin ɗin kafin fitsari, don ya shiga tsakanin fitsarin da tsagen. Man kaɗanya tsantsa ma yana yi, in an tabbata ba a haɗa shi da turare ba. In raɗaɗin ya taso da dare, ta naɗe ƙanƙara ko ledar ruwan sanyi cikin zane ta ɗora na ƴan mintuna, kada ta taɓa ɗora ƙanƙara tsirara. Wando na auduga, a wanke shi a ɗauraye sosai, da dare kuma ta kwana da zane kawai. A watannin Afrilu da Mayu da zafin Tawa ke wuce digiri 40, wandon roba da siket na ciki mai santsi su kaɗai sun isa su hana wurin warkewa. An ba ta man haidurokotizon na kwantar da kumburi mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 ta shafa a waje sau biyu a yini na mako ɗaya, aka ce ta yanke farce, aka kuma dakatar da kwanciyar aure.

Abin da ya fito bayan kumburi ya saɓe

Ta dawo tana cewa raɗaɗin ya ragu da rabi, amma ƙaiƙayin dare na nan. Yanzu da fatar ta bushe, hoton ya fito sarai: farar fata mai sheƙi, siririya, a yamutse, ta kewaye ɗan tsaka, ta gangaro ta gefen bakin farji, ta zagaye dubura da siffar lamba 8. Fatar da ke lulluɓe ɗan tsaka ta fara mannewa. Cikin farji kuwa babu wannan fari. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira liken sikilerosus. Ana danganta shi da garkuwar jiki da ke juyowa kan fatar mai ita, ya fi kama matan da suka daina al'ada, kuma ba a ɗaukarsa daga miji ko kishiya ko masai. An faɗa mata wannan dalla-dalla, don zargin da ta shigo da shi ya riga ya fara ɓata zaman gidan.

Ana iya rikita shi da farin da ke fitowa a fata ba tare da ciwo ba. Bambancin shi ne wancan launi kawai yake canzawa, fatar na nan da laushinta, ba ƙaiƙayi, ba mannewa. Akwai kuma ɗan'uwansa liken filanus, wanda kan ci cikin farji har da cikin baki, shi ya sa aka duba bakinta.

Ba kowace mai wannan ciwo ake yankar fatarta a gwada ba. In siffar ta fito sosai kamar ta wannan mata, ana iya fara magani. Ana yanka ne in akwai gyambo, ko ƙullutu, ko wuri mai tauri, ko in magani ya yi wata uku bai ci ba. Ɗan guntu ne kamar milimita 4 ake cirewa bayan allurar kashe zafi, kuma daga Tawa yawanci Yamai ake aikawa, don haka sakamakon kan ɗauki lokaci. Dalilin sa ido shi ne ciwon kan rikiɗe ya zama kansar fatar gaba a ƙasa da mace 5 cikin 100, kuma masu shafa magani yadda ya kamata sun fi tsira daga hakan.

Magani biyu, kowanne da wurinsa

Na farko kulobetazol ne, man shafawa na kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, mai ƙarfin 0.05 cikin 100. A jikin kwali za a ga an rubuta clobétasol, a farmasi kuma an fi saninsa da Dermoval. Tsarin wata uku ne: kowane dare na mako huɗu, sannan dare ɗaya a tsallake ɗaya na mako huɗu, sannan sau biyu a mako na mako huɗu. Awon shafawa ɗaya shi ne rabin abin da zai kwanta daga kan ɗan ali zuwa gaɓar farko. Gram 30 ya kamata ya kai ƙarshen watanni ukun. In ya ƙare a wata ɗaya ana zuba shi da yawa. A kan farin kawai ake shafa shi, ba a cikin farji ba, ba kuma a matsematsin cinya ba, inda yake sa fata ta yi siriri ta tsage. An ba ta madubi aka nuna mata iyakar wurin da yatsanta, domin mata da yawa suna shafawa ne a kan gashi, maganin bai taɓa isa inda ciwon yake ba.

Abin lura a nan: wannan sinadarin yana cikin mayukan bilicin da ake sayarwa a kasuwa. Ba su zama madadi ba. Ba a san ainihin ƙarfinsu ba, kuma sukan zo haɗe da turare da wasu abubuwan da za su mayar da aiki baya.

Na biyu istirojin ne na shafawa a farji. An rubuta mata man estiriyol, awon miligram 0.5 kowane dare na mako uku, daga nan sau biyu a mako. In ba a same shi ba, akwai furomestiriyen da ake sayarwa da sunan Colpotrophine, mai da obul. Da yake bututun turawa na yi mata zafi, an ce ta ɗebo da yatsa ta shafa a bakin farji da ɗan ciki kaɗan, har da kewayen ƙofar fitsari. Can ne ma aka fi bukatarsa. Don kada magungunan su cakuɗe, istirojin ya zama na lokacin kwanciya, kulobetazol na bayan zaman ruwan magariba, basilin kuma kowane lokaci. An gargaɗe ta cewa za ta iya jin ɗan yaji a kwanakin farko, sauƙi na fara zuwa a mako na biyu zuwa na huɗu, cikakken amfani kuma sai wajen wata uku.

Ɗiyarta da ta yi lakkwal ta karanta takardar cikin kwalin ta ga an ambaci kansar nono da daskarewar jini, ta hana ta shafawa har mako guda. Wannan na faruwa sosai, kuma laifin na wanda bai riga takardar yin bayani ba ne. Yawancin gargaɗin an ɗauko shi ne daga istirojin na haɗiya. Na shafawa a wannan ƙaramin awo kaɗan ne ke shiga jini, shi ya sa ba a ma haɗa shi da maganin kare mahaifa. Waɗanda za su dakata su ne mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, da wadda ta yi kansar nono ko ta mahaifa, wadda sai da shawarar likitan kansarta. Jini ko ɗigo ne bayan ɗaukewar al'ada, sai an yi eko, wato hoton ciki, an auna kaurin shimfiɗar mahaifa. In ya wuce milimita 4 ana ƙara bincike.

Komawar ciwo a mako na shida

Ta samu sauƙi sosai, sai kwatsam ƙaiƙayi ya dawo da farin ruwa mai gudaji. Ta ɗauka liken ne ya motsa, ta koma shafa kulobetazol safe da yamma, abin ya ƙara muni. Gwajin labo ya nuna kandida. A wannan karon sanyin gaske ne, kuma ba abin mamaki ba: istirojin ya dawo wa ƙwayar da abincinta, kulobetazol kuma ya rage tsaron fatar. An ba ta fulukonazol miligram 150, aka maimaita bayan kwana uku, aka mayar da ita kan tsarin shafawarta, aka sake auna sukari ya fito daidai. Ƙa'idar da aka ba ta ita ce duk lokacin da alama ta canza kama, ta zo a duba kafin ta ƙara ko ta rage wani abu.

Maganar maigida an yi ta ne a wata na biyu, bayan tsagen sun rufe. Hakin maye na matsi da duk wani abin da ake cewa yana tsuke mace an hana shi gaba ɗaya, don matsalarta tsukewar ce ta yi yawa. An ce ta yi amfani da man santsi wadatacce, nata da nasa. Man santsi na farmasi mai ɗumama ko mai ƙamshi yakan yi yaji, gara marar komai. Mai irin na basilin kuma yana lalata kwaroron roba in ana amfani da shi. In wurin ya sake tsagewa, a dakata har ya warke. An koya mata matse tsokar ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, sau goma a jere, sau uku a yini, saboda ɗigon da ke jiƙa mata fata.

Da a ce duk wannan an yi, fatar ta koma lafiya a ido amma raɗaɗin bai tafi ba, da sai a koma kan jijiyoyin wurin. Ana gane wannan ta hanyar dangwala auduga a kewayen bakin farji a ga ko taɓawa mai sauƙi na tayar da zafi, maganinsa kuma daban ne: man lidokayin mai kashe zafi, da ƙwayar amitiriftilin da ake farawa da miligram 10 da dare. Ba a kai ga haka da ita ba.

A ƙarshen wata na uku raɗaɗi da ƙaiƙayi sun tafi, fatar ta yi laushi, takardar tsami ta sauko ƙasa da 5. Farin bai goge duka ba, ƙananan leɓɓan da suka shafe kuma ba za su dawo ba. An gaya mata haka tun da wuri don kada ta ɗauka magani bai yi ba. An bar ta a kan kulobetazol sau ɗaya ko biyu a mako, da istirojin daren Litinin da daren Alhamis, da sanin cewa in ta daina istirojin bushewar za ta dawo cikin ƴan watanni. Za ta riƙa duba wurin da madubi sau ɗaya a wata, ta dawo asibiti bayan wata shida, daga nan kowace shekara. In ta ga gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko ƙullutu, ko wuri mai tauri, ko jini, ba za ta jira ranar da aka rubuta mata ba.